Ba da kwangilar sarrafa maganin halittu: yadda ake yi da inda ake tuntuɓe

Yawancin ƙananan kamfanonin fasahar halittu ba su da masana'anta. Abin da ke hannunsu shi ne maganin da suka ƙirƙiro, da bayanan ɗakin gwaji, da kuɗin masu zuba jari da kullum raguwa yake yi. Shi ya sa suke zuwa wurin masana'antun kwangila, waɗanda ake kira CDMO, irin su Lonza a Suwizalan, Samsung Biologics a Koriya ta Kudu da WuXi Biologics a Sin. Sai dai aiki kawai ake miƙawa, alhaki yana nan a wuyan mai magani. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fayyace haka a jagorar da ta fitar a 2016 kan yarjejeniyar inganci, babi na 7 na ƙa'idojin kyakkyawan sarrafa magani (GMP) na Tarayyar Turai ma ya ɗora wa mai ba da kwangila nauyin tantance wanda ya ba wa aiki da sa masa ido. In masu duba masana'antu suka sami matsala a can, maganinka ne zai makale.

Wajen zaɓe, kada girman tankunan renon ƙwayoyin halitta ya ruɗe ka. Tambayar farko ita ce: sau nawa suka sarrafa irin maganinka, a irin matakin da kake? Wanda ya ƙware a kan antibodi (furotin na garkuwar jiki) daga ƙwayoyin CHO (ƙwayoyin halittar dabba da ake renowa a tanki) ba lalle ne ya iya maganin ƙwayoyin gado ba. Nemi sakamakon binciken hukumomi na baya, har da takardun 483 da FDA ke bayarwa in ta ga nakasu, da amsar da suka ba ta. Ka tura masanin inganci ya duba ainihin ginin da za a yi maka aiki, ba hedkwata ba. Ka kuma tambayi manajan da za a haɗa ka da shi ayyuka nawa ke hannunsa, domin ƙaramin kamfani a babbar masana'anta shi ake fara ɗage wa rana in layi ya cushe.

Takardu biyu ake sa wa hannu, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Ta kasuwanci ta ƙunshi kuɗi, lokaci da mallaka. Ta inganci, wadda sassan inganci na ɓangarorin biyu ke rubutawa, ita ke faɗin wa zai yi me: wa ke amincewa da takardar tsarin zubi (wato kashin maganin da ake sarrafawa a tashi ɗaya) kafin a fara, wa ke sakin zubi, cikin awa nawa za a sanar da kai in an kauce wa ƙa'ida, waɗanne canje-canje ne ba za a yi ba sai da izininka a rubuce. Kalmomi irin "da gaggawa" ba su da amfani a nan. A rubuta adadi, misali awa 24 ko 48 don sanarwa, kwana 30 don rufe bincike.

A takardar kasuwanci, wurin da ya fi jawo rigima shi ne lalacewar zubi. In ma'aikaci ya tsallake mataki, ko tanki ya gurɓata saboda sakacin masana'anta, daidai ne su sake zubin a kuɗinsu. In kuwa sun bi komai yadda aka rubuta amma tsarin ya gaza, asarar taka ce. Yawancin lalacewa tana faɗuwa ne tsakanin waɗannan biyun, don haka a amince tun farko da ɗakin gwaji ko masani mai zaman kansa da zai raba gardama. A kuma fayyace wa ke biyan kayan da suka salwanta, da ranar da za a ba ka sabon gurbi, tunda sake zubi kyauta bayan wata tara bai ceci gwajin asibiti da ke jiran magani ba. Gurbin tanki kuɗi ake kama shi da shi, tarar sokewa kuma tana ƙaruwa yayin da rana ke matsowa, saboda haka kada a kama gurbi kafin tsarin sarrafawar ya gama daidaita. Sai batun mallaka: in an yi amfani da ƙwayoyin halittar masana'antar ko ruwan renonta na sirri, ka san lasisin da za ka biya da ko za ka iya tafiya da su wani wuri.

Miƙa fasaha, wato kai wa masana'antar yadda ake yin maganin da auna shi, shi ne zuciyar aikin, kuma da hanyoyin gwaji ake farawa, ba da tanki ba. In ɗakin gwajinsu bai iya auna ƙarfin magani da tsarkinsa ya sami abin da naka ke samu a kan samfuri ɗaya ba, to duk sakamakon da zai biyo baya ba za ka san ko maganin ne ya canja ko awon ba. Gwajin ƙarfi da ake yi da ƙwayoyin halitta masu rai shi ya fi gardama, a fara shi da wuri, a kuma tanadi isasshen samfurin ma'auni.

Bayan nan a zauna a gwada tsarin da kayan aikinsu mataki-mataki. Abin da ya yi kyau a tankin lita 5 ba haka yake zuwa a na lita 2,000 ba: gauraya tana ɗaukar lokaci, shigar iskar oksijin tana canjawa, iskar kabon tana taruwa, waɗannan kuma suna iya sauya sukarin da ke manne a jikin furotin, wanda ke shafar aikin maganin. Akwai kuma ilimin da ba ya cikin takarda, kamar tsawon lokacin da ruwa ke jira tsakanin matakai biyu. A ɗakin gwaji minti 20 ne, a masana'anta yana iya kwana. Maganin wannan shi ne masanan da suka gina tsarin su je da ƙafarsu, na masana'antar ma su zo su ga ana yi. Kada a tsallake zubin gwaji a cikakken girma don tsimin kuɗi. Kurakuran da ke cikin takardar tsarin zubi a nan suke fitowa, a lokacin da gyaransu ke da sauƙi.

Rumbun ƙwayoyin halitta a yi shi hawa biyu, na asali da na aiki, a raba na asalin a wurare biyu cikin tururin ruwan naitirojin. Kayan da odarsu ke daɗewa, kamar sinadarin tacewa na Protein A, jakunkunan tanki na amfani sau ɗaya da matatun bairos, a yi odarsu da zarar an sa hannu.

Jadawali ma yana da wuraren da ba sa matsuwa. Renon ƙwayoyin CHO a babban tanki yana cin kusan mako biyu, ban da makonnin da ake yi ana ninka su daga ƙaramar kwalba. Gwajin tabbatar da babu ƙwayoyin cuta kwana 14 ne, gwajin maikoplazma (wata ƙanƙanuwar bakteriya) ta hanyar reno kwana 28. Sannan ga bitar takardun zubi, ga ɗura magani a kwalabe, wanda sau da yawa wata masana'antar ce daban mai nata layin. Duk jadawalin da ya ɗauka komai zai yi daidai a karon farko, a ƙara masa sarari.

Da aiki ya kankama, a riƙa zama kowane mako da jerin matakan da aka yanke, kowanne da sunan mai shi da rana. A ranakun zubi ka ajiye mutuminka a masana'antar, kuma a sa wannan haƙƙi a yarjejeniya. Abin da ya faru a 2021 a masana'antar Emergent BioSolutions da ke Baltimore ya nuna dalili: rigakafin korona na Johnson & Johnson ya gurɓata da sinadarin na AstraZeneca da ake yi a wuri ɗaya, aka zubar da allurai kusan miliyan 15 a karon farko. Saboda haka ka tambayi me kuma ake sarrafawa a ginin, da yadda ake raba kaya da ma'aikata.

In rahoton bincike ya zo yana cewa kuskuren ma'aikaci ne, an sake masa horo, kada ka sa hannu nan take. Tambayi me ya sa kuskuren ya yiwu: umarnin ne bai fito fili ba, ko bututu biyu ne suka yi kama? In ba a gyara wannan ba, wani ma'aikacin zai maimaita. Haka duk canjin mai kawo kaya, na'ura ko girman tanki ya bi ta hannunka, domin jagorar ƙasa da ƙasa ta ICH Q5E tana neman a nuna cewa maganin bayan canji ya yi kama sosai da na kafinsa.

Daga kowane zubi ka karɓi cikakkun takardu da ɗanyen bayanan tanki da na gwaji, ba takardar sakamako kaɗai ba, ka ajiye su a ma'ajiyarka. A sa samfura a gwajin ɗorewa tun daga zubin farko, a kuma daskarar da wasu a gefe. Da su za a gwada ran da aka ƙara girman tanki ko aka koma wata masana'anta.