Kafin a yi wa a-kori-kura lodi

Masu a-kori-kura, ku buɗe ƙofar direba ku duba 'yar takardar da kamfani ya liƙa a jikin ginshiƙin. Nan aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, kuma lissafin ya haɗa da direba, fasinjoji, kaya, har nauyin da tirelar da aka ɗaura wa motar ke dannawa a baya. Da yawa buhuna kawai suke ƙirgawa.

In bayan mota ya zauna, fitilu na kallon sama, to birki ba zai kama da wuri ba. Aka yi haɗari aka gano lodi ya wuce ƙa'ida, lauyan wanda aka buge zai kafa hujjar sakaci da shi, kamfanin inshora ma na iya jan ƙafa wajen biyan diyya. In kuna shakka, ku hau da motar kan sikelin auna motoci, ko ku yi sawu biyu.