Yadda za ka zaɓi darasin kwamfuta a sakandare ka ci moriyarsa

In makarantarku tana da ɓangaren koyon sana'ar kwamfuta, don Allah kar ka shiga kawai don abokinka ya shiga, ka fara tambayar malami me ake koyarwa a ciki, don fannin yana da faɗi sosai. Akwai gyaran kwamfuta, akwai haɗa netwok, wato sada kwamfutoci da juna, akwai rubuta manhaja, ga kuma tsaron intanet.

Ni dai a ganina ka fara da gyara. Ka samu tsohuwar kwamfuta ka buɗe, amma fa sai ka zare ta daga wuta tukuna, ka kuma taɓa ƙarfe don lantarkin da ke jikinka kar ya lalata kayan ciki, sannan ka ciro RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ka mayar, ka gane ina ma'ajiyar bayanai take, wallahi abin da hannunka ya taɓa ba ya saurin fita kanka. Daga nan sai ka kama Python, wato wani yaren rubuta manhaja, tana da sauƙin karantawa ga mai farawa. Ka rubuta 'yar manhaja da za ta haɗa maka makin jarrabawarka, in ta ƙi aiki ka karanta saƙon kuskuren a nutse, yawanci lambar layin da matsalar take tana nan a rubuce.

Ka kuma tambaya ko darasin yana shirya ɗalibai don satifiket irin su CompTIA A+ na fannin gyaran kwamfuta, wanda jarrabawa 2 ake yi kafin a samu, ko CCNA na kamfanin Cisco ga masu son netwok. Duk manhajar da ka rubuta ka ɗora ta a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, tun yanzu.