In Ka Ba Yaronka Aiki, Ka Haɗa Masa da Wuƙa

Ranar da ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ta Kano a Agustan 2022, ina asibiti wajen jinyar mahaifiyata, wayata a kashe. Yarana uku suna shago, suna kallon ruwa yana tasowa, amma babu wanda ya kira 'yan dako su hau da dilolin atamfa sama, domin ban taɓa barin wani ya fitar da ko naira ɗari ba sai da izinina. Da na tuhumi babbansu, sai ya ce, "Alhaji, ai ba ka ce ba." Gaskiyarsa. Ni na koya masa jira.

Tun daga ranar na sake tsari, ga kuma yadda nake yi.

Ka fara ware abin da lallai sai kai. A wurina sarin kaya ne da bayar da babban bashi. Sauran ka raba, kowane aiki da sunan mai shi. In ka ce "ku kula da sito", babu wanda ka ɗora wa. Nuna mutum ɗaya, ka miƙa masa makulli a gaban 'yan uwansa.

Sannan ka yanka masa iyaka da adadi. Mai tsayawa kan ciniki na ce masa yana iya rage naira 2,000 a turmi, in mai saye ya nemi fiye da haka ya kira ni. Kaya kuma ba ya fita sai an ga kuɗi a asusunmu, komai kyan hoton rasit ɗin da aka nuna a waya.

Ga inda yawancinmu ke tuntuɓe. Yaron da ya tashi da tarbiyya ba zai iya ce wa maigidansa bai gane ba. Zai sunkuyar da kai ya ce "to", kai kuma ka tafi da zaton magana ta zauna. Don haka nakan ce, "Maimaita min abin da za ka yi." Sau da yawa a nan nake gano ni ne ban yi bayani sosai ba.

Ka sa lokacin duba aiki, kada ka tsaya masa a ka. Mu bayan La'asar muke buɗe littafi, minti goma ya isa.

In ya yi kuskure, kada ka warware cinikinsa a gaban mai saye. Baƙon da ya zo daga Nijar ko Chadi, in ya ga ka ƙaryata yaronka sau ɗaya, gobe ba zai saurare shi ba, kai zai jira. Bari ciniki ya wuce, ka ja shi gefe.

Kuma kada ka fara wannan a goman ƙarshe na azumi, lokacin da layin kasuwa ba ya shiguwa saboda masu kayan Sallah. Fara bayan Babbar Sallah, sa'ad da kasuwa ta lafa, kuskure bai da tsada.