Kurakuran da aka fi yi wajen karanta kwali da takardar magani

Mutane da yawa da launi suke sayen magani a kemis: "A ba ni kafso ja da rawaya," ko "wancan farin na ciwon jiki." Mai kemis ya miƙo, a biya, a tafi, ba wanda ya duba abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Yawancin magunguna suna da suna biyu. Akwai na kamfani da manyan baƙaƙe, akwai kuma na sinadarin da ke ciki, a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Na ƙasan nan shi ne maganin. Panadol sunan kamfani ne, abin da ke cikinsa farasitamol ne, kuma akwai farasitamol ɗin a cikin magungunan mura irin su Procold. Mai mura da ciwon kai sai ya sha wannan biyu, ya sha wancan biyu, yana ganin magani daban-daban ya sha, alhali abu ɗaya ya ninka. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya 8 ta miligiram 500 a awa 24, domin wuce hakan yana lalata hanta, kuma ɓarnar ba ta bayyana nan take. Haka ibuprofen da diclofenac, dangi ɗaya ne. Ba a haɗa su, mai gyambon ciki ma ya nisance su.

Sai gajerun baƙaƙen da likita ke rubutawa. Idan ka ga od, sau ɗaya ne a rana. Bd sau biyu. Tds sau uku. Nocte da dare. Prn kuwa sai in da buƙata. Lamba irin 5/7 tana nufin kwana 5, 2/52 kuma mako 2. A tds aka fi yin kuskure. Wani ya sha da hantsi, da azahar, da magariba, shi ke nan sai gobe, jiki ya kwana babu magani. Abin da ake so tazarar awa 8: ƙarfe 6 bayan asuba, ƙarfe 2 na rana, ƙarfe 10 na dare. Wannan ya fi muhimmanci ga maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na yara. Miligiram nauyin magani ne, mililita kuwa yawan ruwan da aka narkar da shi a ciki. Da aka ce "cokali ɗaya", mililita 5 ake nufi, amma cokulan gida kowanne da girmansa. A yi amfani da murfin awo ko sirinjin da ya zo da kwalbar. Kuma da nauyin yaro ake auna magani, don haka uwa kada ta ba jariri abin da aka rubuta wa yayansa. Ja da rawayan nan da ake fasawa a zuba a koko idan yaro na gudawa galibi tetracycline ne. Ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, ba a ba mai ciki, yana ɓata haƙora. Gudawa ruwan gishiri da sukari take so, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem sau 6 ake shansa a kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko, kuma da madara ko abinci mai maiƙo ya fi shiga jiki. Jin sauƙi a rana ta biyu ba warkewa ba ce. A shanye, kada a ajiye ragowar wa wani.

A kwali, MFG ranar da aka yi magani ce, EXP ranar da wa'adinsa zai ƙare. Amma garin amoxicillin da aka zuba wa ruwa ya fita daga wannan lissafi: galibi mako guda ne zuwa biyu, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar, sai a zubar. Kafin ka bar kemis, duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, sannan ka sa mai ba da maganin ya rubuta maka a jikin leda: nawa, sau nawa, kwana nawa, kafin abinci ko bayansa.