Yadda Za Ki Tsawaita Ran Rigar Mama: Dabarun Matan Ingila Lokacin Yaƙi

A ranar 1 ga Yuni, 1941, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta fara rabon tufafi da takardun ƙayyade saye, inda aka ba kowane babba maki 66 a shekara, kafin daga baya a rage su. Da Japan ta mamaye Malaya (wani yanki na Malesiya ta yanzu, inda ake samo roba) a farkon 1942, roba ta yi ƙaranci ƙwarai, ƙarfe kuma ya tafi ƙera makamai, don haka rigar mama da ɗamarar ciki suka zama kayan da mace ba ta yi musu riƙon wasa. Dabarun da matan suka bi har aka soke rabon a 1949 suna da amfani ga duk wadda kuɗi ya yi wa wuya.

Abu mafi muhimmanci shi ne wanki, domin gumi da maiƙon jiki su ne ke cinye roba. Ki riƙa wanke rigar akai-akai da hannu, cikin ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, kada ki cuɗa ta da ƙarfi, kada kuma ki murɗa ta wajen matsewa. Ki naɗe ta cikin tawul ya tsotse ruwan, sannan ki shanya ta a inuwa, nesa da murhu da dutsen guga. A ganina nan ne mata da yawa suke asara ba tare da sun sani ba, saboda zafi yana kashe roba tun yadin yana sabo.

Idan kina da biyu, ki riƙa musanyawa, robar ɗaya ta huta ta koma yadda take.

Kada ki jira ɗinki ya warware gaba ɗaya. Da zarar zare ya saki, ki ɗauki allura. Idan ƙarfe ya huda yadi, ki mayar da shi ciki ki rufe ramin da ƙaramin faci mai laushi. Idan robar baya ce ta saki, ki yanke wajen ki ɗinka sabuwa, tunda sauran rigar lafiyarta ƙalau. Wadda ta ƙare kuwa, ki cire ƙugiyoyinta da madaurin kafaɗarta ki ajiye, domin su za su gyara ta gaba.