Yadda manomi zai gane ɓarnar "ɗan rakiya" a gonar tumatir da abin da zai yi

Bairas ɗin CMV, wanda aka fara gano shi a jikin kokwamba, yana kama tsirrai fiye da iri 1000, ciki har da tumatir, tattasai, kabewa da kankana. Wani lokaci yana ɗauke da wani ɗan guntun RNA (wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) da masana ke kira ɗan rakiya, domin ba ya iya hayayyafa sai da taimakon bairas ɗin. Tsawonsa bai kai sinadaran gado 400 ba galibi, amma shi ke iya sauya cuta mai sauƙi zuwa annoba. Haka ta faru a yankin Alsas na Faransa a 1972, kuma a 1977 masana biyu, Kaper da Waterworth, suka tabbatar cewa ɗan rakiyar ne ya kashe tumatirin. An sake ganin irin wannan asara a kudancin Italiya a 1988.

Abu na farko shi ne a duba ganye da kara da kyau. Idan bairas ɗin ya zo shi kaɗai, ganye yakan tsuke ya zama kamar zare, shukar ta tsumbure amma ta rayu. Idan kuwa yana tare da mugun ɗan rakiya, za a ga layuka masu duhu a jikin kara, 'ya'yan su yi tabo a ciki, shukar ta bushe daga sama. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, saboda haka a kai samfur ɗakin gwaje-gwaje, a nemi gwajin da ake kira RT-PCR, wanda ke iya gano ɗan rakiyar, domin gwajin da ake kira ELISA bairas ɗin kawai yake nunawa.

Darɓa, wato ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye, ita ce ke yaɗa bairas ɗin, kuma cikin daƙiƙu take ɗauka ta zuba wa wata shukar, shi ya sa feshin maganin ƙwari ba ya hana yaɗuwar sosai; manoma da yawa sun ƙarar da kuɗi a kan wannan. Abin da ya fi amfani shi ne rufe wurin renon iri da raga, cire ciyayin gefen gona, nisanta tumatir daga kabewa da tattasai, da tuge shukar da ta kamu a binne ta.

Akwai ɗan rakiya mai sassauta cutar, har an yi amfani da shi kamar rigakafi a Sin, Japan da Italiya, sai dai wannan aikin ƙwararru ne, tunda ɗan canji kaɗan a gadonsa na iya mayar da shi mai kisa.