Fulogin mota mai turbo: wanda za ka saya da tazarar da za ka bar masa

Mota mai turbo ba ta cika nuna ciwon fulogi a silo ba, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba. Da safe za ta tashi lafiya lau, ka zaga gari ko tari ba ta yi ba. Sai ka hau babban titi, ka danna totur za ka wuce tirela, a nan za ta fara fizga, wutar gargaɗin inji ta riƙa ƙyaftawa. Kana sassauta ƙafa ta koma daidai kamar ba ita ba. In aka jona mata kwamfuta, galibi P0300 ke fitowa, ko P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshen tana nuna silindar da ke yin misin, wato wadda mai ba ya kamawa da wuta a cikinta yadda ya kamata. Masu Golf GTI da Passat da Audi A4 da Ford Escape da Civic mai injin 1.5 sukan zo mini bayan sun canza koyil, abin da ke ba fulogi wuta, sun gaji, alhali babu wanda ya tuna ya auna bakin fulogi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Aikin turbo shi ne cusa wa silinda iska fiye da wadda za ta shaƙa da kanta. In ya tura bar 1, wato kusan psi 14.5, iskar da ke shiga ta kusa ninkawa. Ita kuwa wutar fulogi tsallake take yi daga tsinken tsakiya zuwa ƙugiyar da ta lanƙwaso a kansa, kuma gwargwadon yadda iska ta matsu a wurin, gwargwadon ƙarfin lantarkin da za a nema daga koyil. Wani Bajamushe, Friedrich Paschen, ya auna wannan tun 1889: matsi da faɗin tazara su ke yanke yawan wutar da ake buƙata. Mutumin da ya tsallake kwata hannu sake, ka ɗora masa buhun masara ka ce ya maimaita, sai dai a rage faɗin kwatar. Shi ya sa Corolla mai injin 1ZZ take zaune lafiya da tazarar milimita 1.1, amma yawancin injunan turbo na fetur ana barinsu tsakanin 0.7 da 0.8.

To, wane za ka saya? Kada ka ɗauki tsohon ka je kasuwa ka ce a ba ka irinsa, domin ba ka san wanda ya ɗaura shi ba, ko ya dace ko bai dace ba. Nemi lambar a littafin mota, ko a bincika maka da lambar shasi. Injin 2.0 TSI na Volkswagen da Audi, irin na Golf 6, yana ɗaukar fulogin kamfanin NGK mai lamba PFR7S8EG. Harafin P na nufin filatinam, R na nufin akwai abin da ke hana wutar fulogi damun ƙwaƙwalwar mota da rediyo, 7 lambar zafi ce, 8 kuma tazarar milimita 0.8. Da ka iya karanta wannan, mai shago ba zai miƙo maka BKR6E-11 ya ce ai duk ɗaya ne ba. Zai shiga ramin, zai ɗauru, mota za ta tashi. Amma 11 ɗin nan na ƙarshe milimita 1.1 ce, 6 kuma ya fi 7 riƙe zafi. Kuskure biyu ke nan a kwali ɗaya.

Duba tsawon zaren da ake murzawa. Akwai mai milimita 19, akwai mai 26.5, wanda sababbin injuna suka fi amfani da shi. Gajere a ramin dogo wutarsa a lungu za ta tashi. Dogo a ramin gajere kuwa fistan ne zai tarye shi, kuma daga nan maganar ta wuce ta fulogi.

Lambar zafi ita ce inda aka fi ruɗewa. Ba ƙarfin wuta take nufi ba, saurin da fulogi ke sauke zafin bakinsa zuwa tof silinda ne, wato kan injin da ake ɗaura shi a ciki. Ana so bakin ya zauna tsakanin digiri 500 da 800 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da haka ba zai ƙone baƙin da ke taruwa a kansa ba, sai ya toshe. Sama da haka sai ya yi jajir ya kunna mai kafin lokacinsa, kuma a injin turbo wannan yana iya huda fistan cikin ɗan lokaci kaɗan. A NGK da Denso, babbar lamba ita ce mai sanyi: 6 na NGK yana daidai da 20 na Denso, 7 da 22, 8 da 24. A Bosch da Champion abin juyawa yake yi, ƙaramar lamba ce mai sanyi. Saboda haka 7 na Bosch da 7 na NGK ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Samarin da ke taɓa ƙwaƙwalwar mota su ƙara wa turbo ƙarfi, su ne ke da dalilin sauya lamba. Shawarar NGK ita ce a koma mataki ɗaya mai sanyi a duk ƙarin ƙarfin doki 75 zuwa 100. In motarka tana nan yadda kamfani ya yi ta, bar lambar inda take. Na sha jin ana cewa zafin ƙasarmu ya isa a sa mai sanyi. Ni dai abin da nake gani, motar da rayuwarta a cunkoso take, daga gida zuwa ofis zuwa ɗaukar yara, in aka sa mata mai sanyi baƙi yake yi. Kuma in injin yana ƙwanƙwasa saboda man bumburutu, littafin kuma yana neman fetur mai lambar inganci (octane) 95, babu fulogin da zai gyara wannan.

Batun iridiyam da filatinam da na gama-gari, taƙaice shi: sa irin wanda motar ta zo da shi. Iridiyam sai ya kai kusan digiri 2,450 yake narkewa, shi ya sa ake iya yin tsinkensa siriri, milimita 0.6 a Iridium IX na NGK, 0.4 a Iridium Power na Denso. Siririn baki ya fi sauƙin sakin wuta, kuma yana daɗewa bai cinye ba. Na gama-garin ma yana aiki, sai dai bakinsa yana saurin ci, tazara ta buɗe, misin ya dawo. Jabu kuma ya cika kasuwa. In aka sa maka iridiyam a kuɗin na janareta, ajiye musu kayansu. Duba rubutun jikin farin tangaran ɗin fulogin ko ya yi dishi-dishi, duba tsinken ko ya zauna a tsakiya, jera huɗun ka ga ko bakinsu ɗaya.

Yanzu awo. Ko a kwali aka rubuta 0.8, auna kowanne, domin kwali yana faɗuwa a hanya. Nemi geji mai ganyayyakin ƙarfe ko mai 'yan wayoyi. Mai kama da kwabo ɗin nan da ake zurawa ana juyawa, kada ya kusanci iridiyam, yana karya tsinken. Ganyen zarto da yaran gareji ke gwadawa da shi kuma a bar wa babur. In gejinka na inci ne: 0.024 shi ne milimita 0.6, 0.028 shi ne 0.7, 0.032 shi ne 0.8.

Zura ganyen a hankali, a kwance. Ana so ya wuce da ɗan ja kaɗan, kana jin ya taɓa sama da ƙasa amma ba ka tura shi da ƙarfi ba. In ya shige sakwa-sakwa, tazara ta yi yawa. In ya ƙi, cire shi, kada ka yi masa dole. Gyara kuwa a ƙugiya kaɗai ake yi. Don ragewa, akwai ɗan abin matsi mai kusa da ake murzawa yana danna ƙugiyar a hankali. In babu, kifa fulogin a kan katako ka danna da hannu kaɗan-kaɗan, kana aunawa bayan kowace dannawa. Buga shi a jikin inji ko a kan sumunti yana tsaga tangaran ta ciki inda ido ba ya gani. Don buɗewa, kama ƙugiyar ta gefe da ɗan tsagin da ke jikin geji ka ɗaga, ba tare da ka jingina komai da tsinken ba. Kada gyaran ya wuce milimita 0.2, domin daga nan ƙugiyar ba ta fuskantar tsinken sosai. In sai ka lanƙwasa fiye da haka, ba fulogin motar ba ne a hannunka. Mai ƙugiya biyu ko uku ko huɗu kuwa ba a taɓa shi.

Wanda ya ƙara wa turbo ƙarfi ya fara da 0.7. In ta yi misin a cikakken totur, ya rage 0.05 ya sake gwadawa. Abin nema shi ne mafi faɗin tazarar da ba ta misin, domin in aka matse da yawa wutar ƙanƙancewa take yi, silo ya lalace, mota ta riƙa shan mai.

A ɗaura da inji a sanyaye, tunda tof ɗin alminiyam ne. Kafin ka kwance tsohon, hure ramin da iska, musamman lokacin hunturu, kada ƙura ta gangara cikin silinda. In ka tarar da baƙin mai a ramin, gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo, a gyara shi tukuna. Fara murza sabon da hannu har ya zauna, sannan sifana mai awo: mai kaurin milimita 14 yana son ƙarfin ɗauri Nm 25 zuwa 30 a ma'aunin sifanar, mai 12 kuma 15 zuwa 20, sai dai in littafin ya faɗi wani abu daban. Kada a shafa wa zaren giris, NGK da kansu sun hana, domin santsin yana sa a wuce awo ba a sani ba. Wanda bai ɗauru sosai ba kuma ba ya sauke zafinsa, ko da lambarsa daidai ce.

In an gama duk wannan silinda ɗaya ta ci gaba da misin, ɗauke koyil ɗinta ka musanya da na maƙwabciyarta, a goge lambar matsalar da kwamfuta, ka fita titi ka taka. In P0302 ya koma P0303, koyil ne, saya guda ɗaya. In ya tsaya inda yake, a duba injekta da matsin silindar.